Safiyanu Ya Gina Wa Injin Wasa Rumbu

Ranar da Safiyanu ya shigo Gidan Iro da wani dogon akwati kwance a bayan amalanke, tsofaffin da ke zaune gindin bedi, wato itacen dogon yaro, sai da suka miƙe suna salati, don sun ɗauka gawa aka kawo. Shi kuwa yana tafe gaban jaki, hula a karkace, ya ɗaga musu hannu ya ce su kwantar da hankalinsu, ba mutuwa ba ce, ci-gaba ne ya iso garinsu.

Akwatin injin wasa ne irin na da, tsayinsa ya ɗara na mutum. Gilashi irin na talabijin a sama, ƙasa da shi wani guntun sanda mai jan kai da maɓallai, sai 'yar kafar jefa kuɗi. A Madawa ya tsinto shi, bayan wani gidan kallo da aka rufe tun kafin wayar hannu ta shigo ƙasar. Kaji ne ke ƙwai a ciki. Mai gidan da ya ji an samu mai son ɗauka, da kansa ya taya shi ɗorawa a amalanke, har da sa masa albarka.

Ba don wasa Safiyanu ya jajibo wannan kaya ba. A kakar nan aka gama gina wa garin shato, wato tankin ruwa mai aiki da hasken rana, ana kuma neman wanda zai riƙa kula da pompon. Duk wanda ya samu aikin nan ya huta da zuwa bida, wato cirani. In kuwa akwai abin da Safiyanu ke tsoro a duniya, to komawa bida ne. A majalisa cewa yake shi babban tekinisiye ne mai gyaran injuna a Abijan, masu manyan kantuna layi suke a ƙofarsa. Gaskiyar magana baro yake turawa a kasuwa, ya kwana ƙarƙashin teburin wani mai kifi, ruwan sama na bin bayansa. Ko sunan garin aka ambata sai ya ji ƙarnin nan a maƙogwaronsa. Ga shi an gama girbi, sa'o'insa sun fara ɗaure jaka.

Shugaban komiten ruwa shi ne Gado, kawun matarsa Hajo, dattijo mai ƙarancin magana. Da Safiyanu ya je masa da surutunsa na Abijan, Gado ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce shi bai san Abijan ba, amma ya san abu matacce ya kuma san mai rai. In yana son aikin, ya gyara wani abu a gabansu su gani. To shi ne gogan naka, maimakon ya nemi 'yar rediyo, ya tafi ya kinkimo abin da ya fi kowane girma, don a ganinsa girman kaya shi ne girman ilimi.

A ɗakin Hajo ya girke shi, wai a waje idanu za su sace masa fasaha. Hajo ba ta so ba, amma ta matsar da gadonta da jeren kwanukanta ta ba shi wuri. Ta gaji da zaman kaɗaici rani bayan rani, in dai wannan akwati ne zai zaunar mata da miji, ta yarda ya kwana a ɗakinta.

Ya ɗauko turnabis, abin warware kusoshi, ya ɓalle bayan injin. Abin da ya fara cin karo da shi ruɓaɓɓen ƙwai ne, ya kuwa fashe masa a hannu. Sai gashin kaji, sai sheƙar ɓera, sai ɓeran da kansa, wanda ya bi ta hannun rigarsa ya fita ta wuya. Hajo da ta ji ihu ta leƙo, ya ce mata ba komai, gaisawa suke da injin.

Garin ba kuran, wato wutar lantarki, don haka dole ya je aron gurup, ɗan janareta, wajen Yasin mai cajin waya. Yasin taubashinsa ne, kuma tun suna yara bai taɓa raga masa ba.

"Taubashi," in ji Yasin, "kai da ko tocila tam mutu nan kaka kawo min ita, yau kai na za ka tada mataccen Nasara?"

"Tocila aikin yara na. Ni manyan injuna nika taɓawa."

"Awo. Baro ma inji na, tunda shina da ƙahwa."

Safiyanu ya yi kamar bai ji ba. Yasin ya ce zai ba da gurup, amma da sharaɗin shi zai riƙa kawowa da kansa, don ba zai yarda a yi wannan kallo ba shi ba.

Aka tada gurup a tsakar gida, aka ja waya zuwa ɗaki. Injin bai ko motsa ba. Safiyanu ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya hura can, ya ambaci sunayen wasu sassa da faransancin da shi kaɗai ya san shi. Daga nan ya lashi yatsa, ya cusa hannu ciki don ya ji ko kuran na isowa. Yana isowa kuwa. Ya ɗebe shi ya maka a jeren kwanukan Hajo, garin faɗuwa diddigensa ya daki gefen akwatin. Ko me ya kwance a ciki shekara da shekaru, wannan shuri ya mayar da shi mazauninsa. Sai ga gilashi ya kawo haske, wasu 'yan halittu sun jero suna saukowa daga sama, wani ɗan jirgi a ƙasa yana jiran mai harbi.

Safiyanu na kwance da murfin kwano a ƙirji, amma bakinsa lafiya lau. Ya ce wa Yasin ya dai gani da idonsa, wannan shuri sai wanda ya yi karatunsa, akwai daidai inda ake sa diddige.

Murnar ba ta daɗe ba. Inda ya shura ya burma, ya kai hannu ya taɓa sai katakon ya zubo kamar garin tuwo. Gara ta daɗe da cinye cikinsa, fenti ne kawai ke riƙe da mutuncin akwatin. Kafin la'asar gefe biyu sun zube, gilashin ya sunkuyo, sai da aka tokare shi da taɓaryar Hajo.

Yasin ya ce a kai wa kafinta a Buza ya yi masa sabon jiki. Safiyanu ya yi dariyar raini. Ya ce ai matsalar Nasara ke nan, ga ilimi ba hankali. Ka ƙera abu mai daraja haka, ka sa shi cikin katako, abincin gara, sannan ka bar masa kafofi a baya kamar kana gayyatar ɓera biki. Su kuwa Adarawa, rumbun da kakansa ya gina da laka ga shi can tsaye, gara ba ta taɓa shi ba, ɓera bai san hanyarsa ba. Shi zai haɗa ilimin Nasara da hankalin Adar, ya yi wa injin rumbu.

Ya kuwa yi. Ya kwaɓa laka da ƙaiƙayi da kashin jaki a ƙofar ɗakin, ya jera duwatsu a cikin ɗakin ya ɗora kayan cikin injin a kai, yadda ake ɗaga rumbu daga ƙasa, ya shiga ɗora laka zagaye bayan zagaye. Nufinsa ya yi shi miƙaƙƙe kamar akwatin asali. Amma hannunsa siffa ɗaya ya sani, tun yana yaro yana miƙa wa magina laka, saboda haka ginin na tashi yana buɗa ciki. Gilashin da sandan da maɓallan kawai ya bari a waje, sai 'yar kafar da waya ke shiga, ita ma ya liƙe gefenta. Akwai wata ƙaramar fanka a ciki mai yawan ƙara. Ya cire ta ya ce shan kuran kawai take, ya miƙa wa Hajo a matsayin tsaraba.

Saura maganin ƙwari. Kowa a Adar ya san ba a rufe hatsi haka nan. Ya tsinko ganyen bedi ya shanya, ya juye buhun busasshen barkonon da Hajo ta tanada na shekara, ya danna su ciki har wuya, kowane lungu tsakanin wayoyi ya cusa. Sannan ya kafa murfi ya yaɓe. Hajo ta tambaye shi da me za ta yi miya. Ya ce matar mai kula da shato ba ta damuwa da barkono.

Labari ya zagaya gari, mata suka riƙa shigowa aron abin da ba su buƙata. Tsohuwa Biba, maƙwabciyarsu, ta tsaya ta ƙare wa ginin kallo, ta tambaya dame nawa yake ci, kuma ko gilashin nan na duba yawan hatsin da ya rage ne. Wata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an gina rumbu kusa da gadon aure ba. Yasin ya shafa tumbin ginin ya yi wa Hajo barka, ya ce injin ya riga ta samun ciki. Safiyanu ya bi su duka da amsa ɗaya, cewa jahilci ciwo ne, kuma ranar da aka kai abin gindin bedi gaban komite kowa zai haɗiye maganarsa.

Da laka ta bushe ya tara ƙarti su fitar da shi, a nan aka gane abin da ko akuyar gidan ta riga ta gani. Tumbin ya fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba. Kuma ko da ƙofar ta isa, ƙartin sun yi nishi sun yi gumi, abin ko gezau. Safiyanu ya ce ba matsala, a kawo diga a fasa bango. A nan Hajo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce ta ba da wuri, ta ba da barkono, ta ba da taɓarya, amma wanda zai fasa mata ɗaki sai ya fara fasa ta.

Safiyanu ya ga ya shiga tsaka mai wuya. Injin ba ya fita, dattawa kuma ba sa shiga ɗakin matar aure, balle Gado da ɗakin 'yar ƙanwarsa. Motar 'yan bida kuwa ranar kasuwar Buza za ta tashi. Ya zauna a dokin ƙofa ya yi tagumi, karon farko da aka ga bakinsa a rufe da rana.

Hajo ce ta yafa mayafi ta tafi gidan kawunta. Ta durƙusa, ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta, kunya kamar ta nutse. Gado ya ce wannan ba tsari ba ne, ba a taɓa yi ba. Ta ce ta sani, amma ita ma ba ta taɓa roƙonsa komai ba tun rasuwar mahaifiyarta. Dattijon ya ce to, don ita zai zo, ya kuma taho da sauran.

Ranar da aka sa, da hantsi, gidan ya cika har kan katanga. Dattawan komite suka tuɓe takalma suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa don kada idonsa ya faɗa kan gado. Safiyanu ya toshe taga da tsumma, ya rataya bargo mai kauri a ƙofa, wai hoto ba ya fita sai da duhu. Ya leƙa ya ba Yasin umarni da hannu kamar mai tada jirgin sama.

Abin haushi, injin ya kama. Haske ya cika ɗakin, kiɗa ya tashi daga cikin laka a daƙushe, 'yan halittun suka fara saukowa. Dattawa suka yi kabbara ƙasa-ƙasa. Safiyanu ya kama hannun Gado ya ɗora a kan sandan, ya nuna masa maɓallin harbi. Da farko tsohon ya noƙe. Da ya harbo ɗaya ta tarwatse, sai ya gyara tsayuwa. Ya ce ai waɗannan tsuntsayen jan-baki ne suka sauko wa gero, ya kuwa san maganinsu. Ya tura hula ƙeya ya shiga yi musu ruwan wuta. Aka cinye shi ya ce a sake, aka sake cinye shi ya ce a sake. Mutumin da ake jin tsoron gaishe shi, ga shi yana cije leɓe yana zagin tsuntsayen gilashi.

Safiyanu ya ga aiki ya zo hannu, sai bakin ya buɗe gaba ɗaya. Ya ce wannan kaɗan ke nan. In aka ba shi shato, akwatin kuran ɗin pompon ma haka zai yaɓe shi, ya huta da ƙwari har abada. Wani dattijo da ya jingina da tumbin ginin ya ce abin har da ɗumi mai daɗi, ya dace da masu ciwon baya. Safiyanu ya ce da gangan ya yi shi haka.

Gado, ido na kan gilashi, ya ce, "To, Sahiyanu, in dai haka na, ni ban ga abin da za ya hana..."

Tari ya katse shi. Wani daga baya ya yi atishawa, ya ce Hajo ta cika yaji a suyarta yau. Hajo kuwa na waje, ko wuta ba ta hura ba. Dattijon da ya jingina ya zabura yana shafa baya, ya ce ɗumin ya wuce na magani. Sai aka ji ƙas, tsaga ta bi tumbin tun daga wuya har ƙasa, hayaƙin da ya daɗe yana neman hanya ya samu.

Wanda bai taɓa shaƙar buhun barkono na ƙonewa a rufaffen ɗaki ba, bai san abin da dattawan nan suka gani ba. Ido ya rufe, hanci ya balle, maƙogwaro ya kama wuta. Duk suka yi ƙofa a lokaci ɗaya, na gaba ya naɗe cikin bargo, na baya suka hau shi, biyu suka cushe a ƙofar ba mai iya gaba ba mai iya baya. Wani ya lalubi hanya ya rungumo jeren kwanuka, suka zubo masa a ka. Rawani ya warware ya harɗe ƙafafu. Mutanen da suka shigo suna kunyar kallon gado, sai ga ɗaya a kansa tsaye yana yaƙi da tsumman taga.

Safiyanu na tsakiya yana tari yana cewa, "Normal na, Baba, normal na. Ku dakata, gwaji na shika yi."

Yasin na ganin hayaƙi ya kashe gurup, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Kashe gurup bai kashe barkono ba. Safiyanu ya fito da rarrafe, ya sunkuci tulun Hajo ya koma ya sheƙa wa ginin. Gilashin da ya yi zafi ya ce fus ya tarwatse, laka ta jiƙe ta zube, hayaƙin ya ninka ya biyo shi waje. 'Yan kallo suka watse suna tari, na kan katanga suka dira gidan Biba, awaki na atishawa a turke. Biba daga cikin gidanta take tambaya ko hatsin ne ya nuna.

Gado ne ƙarshen fitowa, ba hula, gemu sharkaf da hawaye da majina, gaban dukan garin. Aka kawo masa ruwa ya wanke fuska. Da tarin ya lafa masa, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Safiyanu daga yau ko inuwar shato kada ya kuskura ya zauna, in ƙishirwa ta kama shi ya aika. Sannan ya juya ga Hajo, wadda ke tsaye jikin bango ta rufe fuska da mayafi.

"Ɗiyata, ke kinka kira ni, na kuwa zo."

Ya karɓi takalmansa ya fita. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya Hajo ta kwashe laka da kwando, ta wanke abin da ke wankuwa, ta shanya katifa. Shi kuwa kafin idonsa ya gama washewa bakin ya dawo. Ya bi ta tsakar gida yana bayani cewa injin ya yi aiki, kowa shaida ne, barkonon ne ya yi yawa kaɗan, kuma laifin gurup ɗin Yasin ne mai kuran da zafi. Ya ce akwai wani irinsa a Keita, wannan karon zai bar masa 'yar kafa a sama. In Kawu ya huce ita za ta sake zuwa ta yi masa magana.

Da safiyar kasuwar Buza ya fito ya tarar da jakarsa ta bida a ƙofar ɗaki. An wanke kayansa an ninke, ga ƙullin ƙuli-ƙuli da na gari a sama. Hajo na tsugune tana wanke tukunya. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ta yi wa Yasin magana zai kai shi tasha a moto, wato babur.

Safiyanu ya dubi jakar. Ya ce, "Hajo, ke hwa kinka ce kin gaji da zama ke ɗai."

"Na gaji, Maigida. Amma tun rannan ban je ɗiban ruwa ba. Mata na hango ni sai su kama tari." Ta juye ruwan tukunyar. "In ka tahi, wataƙila su manta kahin damina."

Ya sunkuya ya ɗauki jakar. Yasin ya danna odar moto a waje, kuma yau ko tsokana ɗaya bai yi ba, abin da ya fi komai ƙona wa Safiyanu rai.

Hanyar tasha ta gindin bedi ta bi. Da suka zo daidai majalisa Safiyanu ya gyara zama a bayan moto, ya ɗaga murya ya ce dama manyan kantunan Abijan sun dame shi da kira, ya ga gara ya je ya duba su. Wani tsoho ya yi ɗan tari, na kusa da shi ya karɓa, kafin moto ya wuce duk majalisar ta ɗauka.

A kan kwanar fita gari ya waiwaya. Duk tafiyar da ya taɓa yi, Hajo na tsayawa a ƙofar gida har ya ɓace mata. Yau ƙofar a rufe take.